DOKI A TURKE, MAI DOKI A OFIS: INA LOKACIN YA TAFI?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya hore mana dabbobin da suka fi mu ƙarfi, har yaro ƙarami yake jan ingarma da ragama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata kalma da ta zauna daram a bakin matasanmu ma'aikata masu dawaki a ƙasar Haɗejia, musamman daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wato “babu lokaci”. Mai karatu ya leƙa barga a unguwarsu cikin watannin nan, zai iske doki ɗaure a turke ya yi teɓa, ƙafafunsa na baya sun kumbura, kofato ya yi zaƙo-zaƙo, sirdi kuma yana rataye hazo ya yi masa rawani. In ka tambayi mai dokin yaushe rabonsa da hawa, sai ya ce tun Babbar Sallah. In ka ce me ya sa, sai ya jero maka: ofis daga ƙarfe 8 zuwa 4, gari ba ya wayewa da wuri, rana tana saurin faɗuwa, ga kuma sanyi. Ina so in faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa uzurin nan ba shi da tushe balle makama, kuma abin da ake wasa da shi a ciki hakki ne da za a tambayi mutum a kansa.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Hawan doki ba farilla ba ne, wanda bai mallaki doki ba babu abin da ya hau kansa. Da mai doki nake, wanda ya je kasuwar Maigatari da ƙafarsa ya saya, ko ya gada, ko aka ba shi kyauta ya yi godiya ya kafa turke. Daga ranar da aka kafa turken nan magana ta tashi daga sha'awa ta koma amana. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaikh Khalil ya kawo a Mukhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi to a sayar da ita. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Abu Dawud kuma ya ruwaito labarin raƙumin wani Ba'ansare da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah (SAW), har Annabi ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da wahalar da shi.

Nan take wani zai ce: “Ai Malam, nawa ba ya yunwa. Dawa da dusa da harawa da kanwa ba sa yankewa.” Na ji. Amma wa ya gaya maka cewa cutar da dabba ta tsaya ga yunwa? Doki halitta ce da Allah Ya gina ta a kan motsi. In aka sake shi a daji, yawancin yininsa tafiya yake yana kiwo, kuma wannan tafiyar ce take taimakon jini ya komo daga ƙafafunsa, ita ce kuma take sa hanjinsa aiki. Idan ka ɗaure shi wata uku a wuri guda kana ɗura masa hatsi, abin da kake tarawa shi ne kumburin ƙafa da ciwon ciki, wanda masu dawaki suka san yana iya kashe doki a dare ɗaya, da kuma mugun hali: cizo da harbi da tutsu. Sai ka ji ana cewa dokin wane mugu ne, alhali zaman turke ne ya haukata shi.

Mafi muni shi ne abin da yake biyo baya. Akwai ciwon da likitocin dabbobi suka daɗe da sani, wanda Turawan Ingila suka laƙaba wa suna ciwon safiyar Litinin, domin sun fi ganinsa ga dawakin aikin da suka huta ranar Lahadi ana ba su cikakken hatsi, aka fito da su aiki washegari. Naman cinya da na gadon baya ya sandare, doki ya jiƙe da gumi ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu, wani lokaci ƙoda ta taɓu. To, in hutun kwana ɗaya ko biyu yana iya jawo haka, me mai karatu yake zato ga dokin da ya yi wata da watanni a turke, sannan ranar hawa aka lafta masa kayan ado masu nauyi, aka hau shi tun hantsi, aka sa masa ƙaimi a gaban fada domin a burge jama'a? A shekarun nan kuma Sallah a zafi take faɗowa. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, Babba kuma 6 ga Yuni. Ke nan watannin sanyin da ake cewa babu lokaci su ne kaɗai damar shirya doki kafin ranar da ake taƙama da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne nake so mu tsaya kan wani hadisi da ɗalibai suke wucewa da sauri. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma shi Ibn Umar yana cikin mahayan. Dawakin da aka hora aka zage musu kitse, an sake su daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a hora ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Sufyan, ɗaya daga cikin maruwaita, ya ƙiyasta tazarar farko da mil 5 ko 6, ta biyu kuma mil 1. Malaman sharhi sun bayyana horon da ake nufi: a ciyar da doki har ya yi ƙarfi, sannan a riƙa rage masa abinci sannu a hankali, a lulluɓe shi ya yi gumi, har jikinsa ya ɗaure. Aiki ne na makonni, kuma mutanen da suke yinsa manoma ne da 'yan kasuwa da masu koyon Alƙur'ani, babu wanda ya rasa abin yi a cikinsu. Dubi adalcin da ke ciki: dokin da ba a hora ba, mil ɗaya kacal aka ɗora masa. Kai kuwa naka da bai taka waje ba tun bara, ka ɗora masa hawan Sallah da hawan Bariki a jere. Sunnar wa kake bi?

Yanzu mu zo kan sanyin da ake fakewa da shi. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san babu lokacin da ya kai hunturu daɗin hawa. Da damina kogin Haɗejia yana cika ya malale fadamu, a wasu shekarun ma, irin 2020 da 2022, ya ci gonaki da ƙauyuka. Inda ruwa bai kwanta ba shuka ce ta rufe, ga taɓo, ga sauro da ƙudan cizo da ƙananan ƙwarin da suke yaɗa annobar dawaki, wadda ta fi tashi a ƙarshen damina. Da bazara kuwa, a Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, kafin ƙarfe 9 na safe doki da mahayi sun galabaita. Amma daga kaka zuwa ƙarshen ɗari an kawar da amfanin gona, ruwa ya ja baya, ƙwari sun ragu, harawar wake da ta gyaɗa sabuwa ce a kasuwa, iska kuma tana shanye gumin doki. Ga jigayi, tuddan yashin nan da jiharmu ta samo sunanta daga gare su, masu laushi ga kofato. Abin kiyayewa kaɗan ne. Baƙar ƙasar fadama in ta bushe tana tsattsagewa, ƙafar doki tana iya faɗawa, don haka ba wurin sukuwa ba ne. Gonakin rani na alkama da shinkafa da albasa dukiyar mutane ce, ratsa su da doki zalunci ne ko da mai gona ya ji nauyinka ya yi shiru. Ranar da hazo ya yi kauri kuma a tsaya ga tafiya da sassarfa, a yayyafa wa ingirici ruwa kafin a zuba, domin ƙura tana cutar da huhun doki kamar yadda take cutar da namu.

Sanyin ma nawa ne? Kafin ka yaye bargo, manomin rani a wajajen Auyo yana tsaye cikin ruwa yana ban ruwa, masunci ya daɗe a kan kwalekwale. Tsuntsayen da suke cika dausayin Baturiya da na Nguru a watannin nan sun ƙetaro Sahara ne daga Turai, suna gudun sanyin gaske, suka zo shan ɗumi a wurin da kai kake kira muku-muku. A Landan a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, yinin bai cika awa 8 ba, ƙasa tana daskarewa. Duk da haka ma'aikatansu masu dawaki suna tashi cikin duhu da fitila a goshi su gyara barga, su yi hawa da dare a fili mai fitilu. Ba don su abin koyi ne a addini na kawo su ba, sai don mu ji kunya: wanda bai karanta Suratul Adiyat ba, bai san Allah Ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu ba, ya fi mu kiyaye hakkin doki.

Mu yi lissafi, domin lissafi ba ya jin kunyar kowa. A mako akwai awa 168. Cire 40 na aiki, cire 56 na barci in har kana yin awa 8 kowane dare, saura 72. Abin da doki yake buƙata don ya zauna cikin ƙoshin lafiya, a ganina, bai wuce minti 40 zuwa awa ɗaya ba, sau uku ko huɗu a mako. Awa 4 ke nan cikin 72. Yininmu mafi gajarta a nan, a ƙarshen Disamba, ya haura awa 11: rana tana fitowa wajen 6:40 na safe, ta faɗi wajen 6 na yamma. An idar da sallar Asuba kafin 6, gari ya yi hasken da za a ga hanya wajen 6:20. In tun dare ka tanadi sirdi da linzami ka duba majayi, ƙarfe 7 da 'yan mintuna ka dawo, ka sauke sirdi, ka goge masa jiki, ka yi wanka ka karya, ƙarfe 8 kana kan kujerarka. Haɗejia ba Kano ba ce da za ka ce cunkoso ya tsare ka, cikin ɗan lokaci ka bar gidaje a bayanka. Azkar ɗin safe kuma ba su da sharaɗin zama a kan buzu, ana yinsu a kan sirdi. Mintuna goman ƙarshe dai a yi su da tafiya don gumi ya tsane, kada a watsa wa doki ruwan sanyi a cikin iska. Wanda safiya ta gagare shi saboda kai yara makaranta, yana da tsakanin 4:30 da 5:30 na yamma. Mu malaman Islamiyya yammacinmu na ɗalibai ne, safiyar Asabar da Lahadi ma haka, amma dokin gidanmu yana fita da safe, yana fita Alhamis da Juma'a da ake hutun makaranta, kuma ban ga darasin da ya faɗi saboda haka ba.

To ina awa 72 suke tafiya? Mai karatu ya fi ni sani. Wasan ƙwallo ɗaya na Ingila, da hutun rabin lokaci da musun da ake yi bayan an tashi, ya haura awa 2, kuma ban taɓa jin wanda ya ce sanyi ya hana shi zuwa gidan kallo ba. Teburin mai shayi yana cika har 11 na dare. Waya kuma ita ce uwa uba: a kwanta da TikTok, a farka da WhatsApp, a kai ƙarfe ɗaya ana jan allo da yatsa, sannan a ce Asuba ta yi nauyi. Har hoton dokin ake ɗorawa a Facebook da kirari a ƙarƙashinsa, hoton bara, shi kuwa dokin yana bayan gida yana tauna turke. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya ambaci lafiya da sararin lokaci a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu. Mai irin wannan asara ba ya jin cewa yana da lokaci, domin a hannunsa yake narkewa bai sani ba.

Sai dai akwai wasu da suke samo lokacin ta haramtacciyar hanya, kuma ba zan ƙyale su ba don kawai dokinsu yana fita. Wanda zai sa hannu a rajistar ofis ƙarfe 8, ya sulale ƙarfe 11 ya tafi barga, mabuƙata suna zaune a benci suna jiransa, wannan ɓarawon lokaci ne. A fiƙihu, ma'aikacin da aka ɗauka don wani lokaci ƙayyadadde, lokacin nan mallakar wanda ya ɗauke shi ne, albashin awoyin da ya sace kuma yana da tambaya a kansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka masu kilisar yamma da suke fita bayan La'asar su yi nisa, a kira Magariba suna bayan gari, su dawo ana shirin Isha'i. Suratu Sad, daga aya ta 31 zuwa 33, ta kawo labarin Annabi Sulaiman (AS) da aka bijiro masa da dawaki na ƙwarai da maraice. Da yawa daga malaman tafsiri sun fahimci cewa sun shagaltar da shi daga sallar yamma har rana ta faɗi. Sun yi saɓani kan abin da ya yi musu daga baya: wasu suka ce yanka su ya yi, Ibn Jarir Aɗ-Ɗabari kuma ya rinjayar da cewa shafa su ya yi. Ko wanne aka ɗauka, a wannan lokaci na yini aka kawo labarin, lokacin da matasanmu suka fi so. Maganin abu ne mai sauƙi: duba agogo kafin ka hau, in rabin lokacinka ya cika juya linzami. Sukuwar biki a cikin lungu, inda ake take yara da tsofaffi, wannan ba ta ma cancanci a kira ta hawa ba.

Wasu 'yan'uwa masu karatu kuma suna kallon abin duka a matsayin shirme. Suna cewa zamanin doki ya wuce, ƙarfin da Suratul Anfal ta yi umarni da tanadinsa a aya ta 60 yau yana ga ilmi da na'ura. Gaskiya ne babu mai tsaron ƙasa da lifidi a yau. Amma hadisin da ya ce an ƙulla alheri a goshin dawaki ya kai maganar har ranar Alƙiyama, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, bai ga ɓata lokaci ba ne ya rubuta littafi sukutum, Al-Furusiyya, a kan hawa da harbi da tsere. (Maganar nan da ake yawan yaɗawa ta koya wa yara iyo da harbi da hawa, a riƙa jingina ta ga Sayyidina Umar, domin malaman hadisi ba su inganta ta zuwa ga Annabi ba.) Matashin da yake zaune a kujera awa 8, ya hau babur zuwa masallacin da ke bayan gidansu, ba shi ne zai raina abin da yake gina ƙarfi da haƙuri da tashin asuba ba.

Mu a Haɗejia ma abin ya fi ƙarfin motsa jiki. Garin nan da doki aka san shi. Ko me mutum zai ce game da saɓanin Sarki Buhari da Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, babu mai musun cewa mahayansa sun gagari maƙwabta. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, Haɗejia kuwa sai a Afrilun 1906, ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada da jarumansa suka tari bindigogi masu sarrafa kansu a kan dawaki, ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. A tsakiyar zafin bazara aka yi wannan, kuma dokin da ya yi hunturu a turke ba zai iya ko rabinsa ba. Jikokinsu ne yau suke neman wanda zai riƙe musu linzami ranar Sallah.

Annabi (SAW) ya kasa dawaki kashi uku a hadisin Abu Huraira (RA): wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura, da wanda yake zunubi. Na sutura shi ne wanda aka ɗaure don wadatuwa da kame kai, ba a kuma manta hakkin Allah a kansa ba. Na zunubi shi ne wanda aka ɗaure don alfahari da riya da gaba da Musulmi. Ban shiga zuciyar kowa ba. Amma dokin da ba ya ganin rana sai ranar da akwai masu kallo, mai shi ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa kashin da ya fi kusa da shi.

Saura mutum ɗaya mai uzuri na gaskiya: wanda yake aiki a Dutse ko Kano, ba ya zuwa gida sai Juma'a da yamma. Shi ba a ce ya bar aikinsa ba, kuma zuwa ranar Asabar a yi ta sukuwa don a rama na mako shi ne ainihin ciwon da na ambata a sama. Ya nemi ƙane ko ɗan maƙwabci mai hankali ya koya masa, ya riƙa fita da dokin sau biyu ko uku a tsakiyar mako, ya kuma biya shi hakkinsa. Ko su haɗu su biyu ko uku a doki ɗaya, su raba kwanaki su raba kuɗin harawa, wanda hakan ma ya fi sauƙi ga aljihu, domin ciyar da iyali yana gaba da ciyar da doki. Ko ya kai shi ƙauye wurin dangi inda za a yi masa talala ya yi kiwo. In duk waɗannan sun gagara, to ya sayar da shi ga wanda zai hau. Kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis.